Ɗakin Girkin Tuwon Ƙasa

Ni 'yar fari ce, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Uban da ya haife ki ba ya kiran sunanki, ba ya ɗaukar ki, ba ya yi miki wasa. In kin faɗi a gabansa sai ya ɗaga kai sama kamar mai duban hadari. Kunya ake ce wa abin, har yabon mutum ake yi a kanta. Babana, Talle magini, ya fi kowa iya ta a Unguwar Ɗinya, gabas da Ɗambatta. Sunana Lauratu, amma har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. "Yarinyar nan" nake, ranar da yake cikin fara'a kuma in zama "waccan".

Gidanmu gandu ne. Baffa Sammani, yayan Baba, shi ne maigida. Mahaifinsu ya rasu Baba yana goye, shi ya sa ake ce masa Talle, kuma Baffa ne ya rene shi har ya yi masa aure. Gonarmu ɗaya, daga bakin dangar gida take farawa ta miƙe har kududdufi. Rumbu ɗaya ake buɗewa, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Innata da Iya Hafsatu, matar Baffa, kwana bibbiyu suke girki a murhu guda, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai a kan akuya.

Zamanin Turawa ne, shekarun da gyaɗa ta shiga kan mutane. Ƙane ya ga zai iya noma tasa ya kai ma'auna da kansa, sai ka ji an ce gidan wane sun raba tukunya. Kuma ba da baki ake yin abin ba. Ba wanda zai dubi idon yayansa ya ce a raba mana gona. Sai dai a wayi gari a ga sabon murhu a sashen ƙanen, maigida mai hankali ya gane, ya kira dattawa. To, Baffa Sammani hankalin ne ya yi masa yawa. In ka gaishe shi ka manta ba ka tambayi gajiya ba, sai ya kwana uku yana neman abin da kake nufi. Tsoronsa ɗaya ne a duniya, ranar da Talle zai gaji da shi.

Shekarar da na fara famfara abin ya faru. Ni kaɗai ce yarinya a gidan. 'Ya'yan Baffa duk sun girma, matan sun yi aure, ƙanena kuwa yana bayan Inna. Ba ni da aiki sai tuwon ƙasa. Ni da Mairo da Rahmatu, 'ya'yan maƙwabta, mukan kwaɓa ƙasa a fasasshen kasko, mu tsinko ganyen tafasa mu yi miya, jar ƙasa ce barkono, kashin awaki kuma daddawa. Wata rana na ga cewa tuwo ba ya nuna sai da wuta. Na ɗauki kaskona na raɓa gefen murhun Iya Hafsatu, wani itace mai ci ya mirgino ya kwanta mini a damtse. Tabon yana nan har yau, da faɗin bakin ludayi.

Na kwarma ihu, gida ya taru. Iya Hafsatu ta fasa ƙwai ta shafa mini, Baffa ya ɗauke ni yana ta "Laure, Laurena, sannu", don shi an yarda masa ya so ni. Inna ta tsaya nesa tana gyara goyon da bai kwance ba. Baba ya shigo daga gini, hannunsa duk laka. Ya dubi taron, ya dubi damtsena sau ɗaya, ya tambayi Iya Hafsatu ko an ba jaki ruwa, ya wuce ɗaki. Ranar na ji haushinsa har cikin raina, kuma ban ɓoye ba, na ƙi cin tuwon da ya rage mini.

Washegari da hantsi sai ga shi da jakinsa, ya yi mangala biyu ta ƙasar kududdufi, ya zube a bayan sashenmu, gindin ɗorawa, can nesa da murhun gida. Ya zuba ruwa, ya watsa dusar ciyawa, ya naɗe wando ya shiga cuɗawa da ƙafa. Ya bar ta ta kwana uku tana tsima kamar wanda zai gina wa hakimi soro. Sannan ya zauna ya mulmula tubala ƙanana, kowanne bai wuce ƙwan zabo biyu ba, ya jera su a rana.

Matsalar Baba ita ce bai iya yin abu rabi da rabi ba. Wani uban da duwatsu uku zai ajiye ya ce ga shi nan. Shi kuwa sai da ya haƙa tushe. Ya tayar da bango har ƙirjinsa, ya nemo guntayen azara da suka rage a wani aiki ya rufa, ya bi da ƙasa. Ya yi daɓe a ciki, ya jiƙa makuba ya shafe bangon har yana ƙyalli. A kusurwa ya gina murhu na laka, ƙafa uku daidai wa daida, da gurbin ajiye randa a gefe, da 'yar alkuki a bango don ludayi. A waje ya ɗora ɗan rumbu a kan duwatsu, ya yi masa jinka. Ƙofar ɗakin kuwa, in na tsaya a cikinta sai a sami tazarar yatsu huɗu a saman kaina. Ban san lokacin da ya auna ni ba. Taga ce kawai bai yi ba, don ɗakin da ba za a taɓa hura wuta a ciki ba ba ya bukatar taga.

Ranar kasuwar Ɗambatta ya dawo da ƙananan tukwane guda uku a cikin taiki, da 'yar randa, ya ajiye su a ciki. Da na tsaya ina leƙe sai ya yi magana da ɗorawar, ya ce, "Wurin nan dai ba a kawo masa wuta." Ya kaɗe hannu ya tafi masallaci.

Wayyo daɗi! Ni da Mairo da Rahmatu muka tare a ciki. Muka cika rumbun da yashi, muka ɗebo ruwa a 'yar randa, muka fafe ƙananan duma muka yi ƙoƙuna, karan dawa ya zama muciya. Jajayen furanni muke turawa a ƙarƙashin tukunya a matsayin wuta, har muna fifitawa muna murza ido wai hayaƙi. Yaran unguwa suka riƙa zuwa kallo, muna korar maza sai sun yi sallama. Kwana ashirin da wani abu na yi ina sarauta a ɗakin nan, kuma ban sake samun irinsu ba.

Tun ana jera tubali Baffa Sammani yake zagayowa. Yakan tsaya da hannu a baya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Talle, aiki ake yi?"

"Ɗan abu ne, Yaya."

"Na me?"

"Ƙasar nake gwadawa."

Shekara ashirin Baba yana ɗibar ƙasar kududdufin nan, ya san ta fiye da yadda ya san fuskata. Baffa ya gyaɗa kai ya tafi. Za ku ce me ya hana Baba ya ce na yara ne? Waɗanne yara? Gidan kaf ni ce yara. In ya faɗi haka, ya tsaya ke nan a gaban yayan da ya rene shi ya ce ina son 'yar farina, har na ɓata kwana goma ina yi mata gini. Da ya faɗi haka gara a ce an kama shi da akuyar mutane.

Iya Hafsatu, Allah ya ji ƙanta, ta yi iya ƙoƙarinta. Ina jin ta ta bayan zana tana cewa, "Malam, wasan yara ne fa. Ba ka ga ƙofar ba? Ko tunkiya sai ta sunkuya."

Baffa ya ce, "Ke laka kike gani, ni magana nake gani. Talle yaro ne mai kunya. Ba zai kafa babban murhu ya tozarta ni a idon gari ba. Sai ya yi ƙarami, yadda ni kaɗai zan gane. Wa kika taɓa gani ya yi wa wasan yara daɓe da makuba? Har da rumbu, Hafsatu. Rumbu!"

"To ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi in sa shi ya faɗa da bakinsa? Ni ban rene shi don in kunyata shi ba."

Ni ma na zuba nawa gishirin, kuma na daɗe ban yafe wa kaina ba. Na ga yadda maƙwabtan da suka raba tukunya suke aika wa juna kwano da yamma. Abin ya burge ni. Ran nan na tuƙa tuwon ƙasa mai laushi, na kwashe a ƙoƙo, na yaryaɗa miyar tafasa, na rufe da ɗan faifai, na kai wa Baffa zaure. Na durƙusa yadda manya suke yi, na ce, "Baffa, ga na sashenmu, a taɓa."

Da can in na kai masa irin wannan sai ya yi kamar yana ci, yana lashe yatsa yana santi. Ranar sai ya buɗe faifan ya zuba wa ƙasar ido. Ya ce, "Wa ya aiko ki, Laure?"

Ni kuma don in ƙara wa abin armashi na ce, "Baba ne."

Ya rufe faifan a hankali. Ya ce in ce ya gani, ya gode.

Daga ranar Baffa ya shiga kyautata wa Baba, irin kyautatawar da take tsorata mutum. Ya ɗauko galmar mahaifinsu da ya adana shekara da shekaru ya ba shi. Ya ja shi gona ya nuna masa ɓangaren da ya fi shan taki, wajen gida, ya ce, "Nan ya fi kyau da mai ƙananan yara." Ya ware irin dawa da na gero dami-dami ya ce a ajiye a sashenmu. Duk yana yi ne don ya sauƙaƙa wa ƙanensa abin da ya ɗauka yana so. Baba kuwa ya dawo ɗaki ya ce da Inna, "Yaya ya gaji da mu. 'Ya'yansa sun kawo ƙarfi, yana so ya ware." Inna ta ce ya je ya tambaye shi. Ya ce shi bai isa ya titsiye wanda ya goya shi ba. Haka suka yi mako biyu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne mai son tafiya, kowa yana taimaka masa da haɗa kaya, ba da son ransa ba.

Wataƙila da an bar su da damina ta sauka, aiki ya sha kansu, maganar ta bi ruwa. Sai ga sanarwa daga mai unguwa cewa malaman awo suna tafe. A lokacin, duk bayan 'yan shekaru akan turo su daga birni su ja sarƙa a gonaki, su rubuta kowace gona da sunan mai ita. Abin da suka rubuta kuwa ya zauna ke nan, sai wani zuwan.

Suka iso ranar wata Talata da hantsi. Babbansu wani siririn mutum ne, Malam Kamilu, da alƙalami a bayan kunne. Tare da su akwai wani Bature a kan doki, ja kamar gauta, wai ya fito rangadi ya ga yadda aikin yake tafiya. Rabin unguwa suka biyo su. Da aka zo gonarmu aka tsaya a bakin danga, daidai bayan sashenmu. Mu kuma muna cikin ɗakin girkinmu, mun yi tsit, muna leƙe daga ƙofa ta tsakanin karan danga.

Malam Kamilu ya buɗe littafi ya ce, "Gonar Sammani. Yadda take a da za a bar ta, ko an sami canji? Tukunyarku ɗaya ko biyu?"

Baffa ya ce, "A tambayi Talle."

Baba ya ce, "Yadda Yaya ya ce."

"Ni ba ni da ta cewa, sai abin da ya fi maka sauƙi."

"Sauƙina shi ne naka, Yaya."

Malam Kamilu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya dubi rana. Yana da gonaki arba'in a gabansa. Ana cikin haka Baturen, da yake a kan doki yake, ya hango rufin ɗakinmu ta saman danga. Ya sauko, ya nemi izini da hannu, ya raɓa ta inda awaki suka ɓarke karan, ya shigo. Mairo da Rahmatu suka arce. Ni tsoro ya hana ni motsi, na maƙure a kusurwa da muciyata.

Ya tsuguna a ƙofa, gwiwoyinsa jajaye a waje. Ya dubi murhun, ya dubi jajayen furannin da ke ƙarƙashin tukunya, ya shafa bangon, ya buɗe ɗan rumbun ya ga yashi. Sai ya fashe da dariya. A duk taron nan, mutumin da ya zo daga bayan teku, wanda ko gaisuwa bai iya ba sosai, shi kaɗai ne ya kalli abin ya gan shi yadda yake.

Ya miƙe ya ce da irin Hausarsu mai tsalle-tsalle, "Wane ne ya yi wannan gini?" Aka nuna Baba. Ya ce, "Da kyau, da kyau ƙwarai! Na wasa ne, ko? Ka yi domin 'yarka?" Ya nuna ni da sanda.

Da a nan ya tsaya, ina jin da Baba ya iya yin wani gurnani da za a ɗauka e ne. Amma sai Baturen ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan hoto. Ya ce shi ma yana da 'ya kamar ni a ƙasarsu, ita ce ta fari, ita ke nan gare shi. Ya faɗi sunanta da ƙarfi, wani suna mai kama da atishawa, ya sake faɗa. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu fuskarta, yana cewa kullum yana tunaninta. Daga ƙarshe, a gaban mai unguwa da liman, ya kai hoton bakinsa ya sumbata.

Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun ji wa wani kunya kamar ranar ba. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai unguwa ya shiga gyaran rawani. Wani tsoho a baya ya ce a hankali, "Allah sarki, ba su da manya ne a can." Baturen bai san ana yi ba. Ya juyo wurin Baba fuskarsa a washe, kamar ya tsinci ɗan'uwa a bakin duniya, ya ce, "Ni da kai ɗaya ne. Domin 'yarka ka yi, ko ba haka ba?"

Ina kallon Baba ta ƙofa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Gari duka yana jira ya ji ko Talle magini ɗaya ne da mai sumbatar hoto. Bai dubi inda nake ba. Ya durƙusa ya ce, "Murhu ne, ranka ya daɗe. Na girki ne."

"Girki na gaske?"

"Na gaske."

Baturen ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da hotonsa aljihu, da alama ya ƙara wannan a cikin abubuwan mamakin ƙasarmu. Baffa Sammani kuwa ya ja dogon numfashi, irin na wanda ya daɗe yana jiran mugun labari ya kuma same shi. Ya ce, "Malam Kamilu, biyu ce. Ja sarƙarka ta tsakiya. Wajen gida na Talle ne."

Kafin azahar an gama. Aka kafa turaku daga danga har kududdufi, aka ce in ruwa ya sauka a dasa gamba a kan layin. Dattawa suka yi addu'a, suka yaba wa 'yan'uwan biyu, wai ba a taɓa rabuwa mai tsabta irin wannan ba, ko musu babu. Baba da Baffa suka yi musafaha, kowa yana kallon ƙafar ɗan'uwansa. Da la'asar aka buɗe rumbu aka raba hatsi. Iya Hafsatu ta kawo wa Inna tukunya da muciya da maburgi, ta ajiye, suka rungume juna suna kuka kamar an yi mutuwa.

Saura girkin yamma. Inna ta fita ta samo duwatsu uku, ta fara jera su a ƙofar ɗakinta. Baba ya ce, "Kwashe su."

Ta ce, "A ina zan dafa?"

Ya nuna gindin ɗorawa da haɓa.

"Malam, wannan ai ko kaina ba zai shiga ba."

Ya ce, "Na faɗa a gaban gari cewa na girki ne. In hayaƙi ya tashi a wani wuri, ni na zama maƙaryaci, wannan da sauƙi. Amma Yaya fa? A ce ya raba gonar ubanmu a kan wasan yara? Da wane ido zai fita masallaci?"

Inna ta gwada, ba za a ce ba ta gwada ba. Ta sauke goyo, ta rarrafa ta shiga, ta bugi azara da ƙeya, ta juya ta ture randa, ta fito da baya tana salati. Suka tsaya su biyu suna kallon ƙofar nan da aka yanka daidai tsawon mutum ɗaya a gidan. Ba wanda ya kira ni, don ba mai iya kiran. Inna ce dai ta ce da iska, "Ina yarinyar nan take?"

Na share furannina da hannuna na zubar. Inna ta miƙo mini kara da garwashi a kasko, ta zauna a bakin ƙofa tana ba da umarni. Babbar tukunya ba ta hau murhun ba, sai ta miya aka ɗora, aka yi tuwon sau biyu. Na hura wuta, hayaƙi ya rasa hanyar fita ya dawo mini. Wannan karon ba sai na yi kamar ina murza ido ba. Na yi talge ina tari, na zuba gari ina hawaye, na kama muciya da hannu biyu ina tuƙi, zafin wutar yana lasar tabon da bai gama warkewa ba. Mairo da Rahmatu suka leƙo ta danga da ƙoƙunansu, Inna ta ce su tafi gida, nan ba wurin wasa ba ne.

Tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa, ga ƙauri. Inna ta kwashe malmala biyu a akushi, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka, don ranar farko dole a kai wa babban gida. Na sami Baffa a zaure shi kaɗai, bai kunna fitila ba ko da yake magariba ta kawo kai. Na durƙusa na ajiye akushin a gabansa.

Ya buɗe, tururi ya tashi. Ya gutsura ya kai baki, ya tauna gudajin, hawaye yana bin gemunsa. Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida ya ce, "Hafsatu, zo ki ga wasan yaran naki. Ban gaya miki ba?" Har ya rasu yana ba da labarin nan a matsayin shaidar cewa shi ba a yi masa magana sau biyu.

Da na dawo Baba ya cinye nasa tas, har ya suɗe akushin, abin da ba ya yi ko da tuwon Iya Hafsatu. Ina tsugune a gefe ina wanke muciya, idanuna sun yi jawur sun kumbura. Ya wanke hannu, ya daɗe yana kallon bangon ɗaki. Sannan ya ce da Inna, "A tambayi mai girkin, hayaƙi yana damunta ne?"

Inna ta ce da tukunya, "Wai hayaƙi yana damun ki?"

Na ce, "A'a." Ni ma 'yar gidan ce, na fara iya abin.

Shekara biyu na yi ina girkin gidanmu a ɗakin nan, sai da kaina ya fara taɓa azara sannan Baba ya rushe shi ya gina babba. Gambar da aka dasa a tsakiyar gona ta kama, ta yi tsawo, jikokinsu har yau suna gardama a kanta. Ban sake yin tuwon ƙasa ba. Mutumin nan ya yi kwana goma yana gini don ya raba ni da wuta, ya ƙare ya sa ni a gabanta tun ban gama famfara ba, kuma na tabbata ya san haka fiye da kowa.

Amma washegarin ranar farko, da na shiga da sassafe zan ɗora koko, sai na ga haske a inda babu shi jiya. An huda bango ta saman murhu, 'yar taga mai faɗin tafin hannu, an shafe gefenta sumul. Lakar ba ta bushe ba, shatin babban yatsansa yana jiki. Na leƙa ta ciki na hango shi yana ɗaura wa jaki mangala, ya ba ni baya. Na sa yatsana a cikin shatin nasa, na daɗe a haka, har Inna ta ce da iska wutar ba za ta hura kanta ba.